Kunne Ba Shi da Kayan Gyara a Kasuwa

Duk wanda ya san biranen ƙasar nan shekaru 30 da suka shige, ya kuma dube su a yau, zai shaida cewa hayaniya ta ƙaru ninkin-ba-ninki. A da, in an ɗebe ranar kasuwa da ranar biki, abin da ke kai wa kunne farmaki a unguwa bai wuce sautin turmi da kukan jaki ba. Yanzu kuwa ga kabu-kabu, ga injin niƙa a kowane lungu, ga injin wuta da ke tashi da zarar kuran ya ɗauke, ga lasifika a bakin shaguna kowa na neman ya danne maƙwabcinsa. Wannan ne ya sa mutane da dama, manya da yara, suka koma ga na'urar nan ta sauraro da ake ɗorawa a ka ta rufe kunnuwa, wadda mutanen birni ke kira kas, kalmar da aka aro daga Faransanci, mutanen Kano kuma su ce hedifon. Ƙaramarta da ake cusawa cikin ramin kunne ita ce ekuter.

Sayen wannan kaya yana da wuyar sha'ani fiye da yadda ake zato, domin wanda ya yi kuskure a cikinsa yana iya yin hasarar abu biyu. Na farko kuɗi, wanda ake mayarwa in Allah ya hore. Na biyu ji, wanda in ya tafi ya tafi ke nan. Labarin wani akawu na gomnati ya ishi mai karatu misali.

Mutumin nan an yi masa canjin wurin aiki daga Yamai zuwa Damagaram, iyalinsa kuwa suka tsaya a Yamai saboda karatun yara. Ya zama ke nan duk ƙarshen wata sai ya shiga babbar motar fasinja ya ci wajen kilomita 900, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Tasawa, tafiyar da ke cinye yini guda cur. Abokin tafiyarsa shi ne wani ɗan ekuter mai araha da ya saya a bakin tasha, wanda yake jin labarai da tafsiri da waƙoƙin gargajiya da shi. Da yake rurin injin mota da surutun fasinja suna ratsa wannan ɗan abu kamar yadda ruwa ke ratsa rariya, sai ya saba da murɗa ƙarar salularsa har ƙarshe. Bayan wasu watanni ya fara lura da cewa duk daren da ya sauka daga mota, wani siririn kuka kamar na gyare yakan zauna masa a kunne har gari ya waye. Daga baya abin ya riƙa kai kwana biyu. Abin da ya fi tsorata shi shi ne ranar da ya ga kansa a taron ma'aikata yana cewa a maimaita masa magana har sau uku, alhali sauran jama'a duk sun ji.

Likitan da ya duba shi ya yi masa bayani filla-filla. A can cikin kunne, inji shi, akwai wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi, cikinsa da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, dubbai, waɗanda su ne ke mai da girgizar iska ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, in ta daɗe ta kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Ɓarnar takan fara ne daga siraran sautuka, wajen hertz 4,000, inda baƙaƙen magana suke rarrabuwa da juna. Shi ya sa mai wannan larura yakan ji ana magana, amma kalmomin su cuɗe masa. Likitan ya ƙara da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Sadarwa ta Duniya suka fitar tare a 2019: baligi zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, amma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Wato a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 89 awa 5 kacal. Tafiya ɗaya daga Damagaram zuwa Yamai da ƙara a ƙure ta isa ta cinye rabon makonni. Shawarar da ya ba shi gajera ce: kada ƙarar salula ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, ya kuma nemi kas mai rufaffen baya wanda zai tare masa hayaniya, yadda ba zai buƙaci yin gasa da injin mota ba.

A nan ya kamata a fayyace abin da ake nufi da rufaffen baya. Cikin kowane kas akwai ɗan faifai marar kauri wanda maganaɗisu da wutar lantarki ke sa shi rawa, rawar nan ce ke haifar da sauti. Faifan yana tura iska gaba, wajen kunne, yana kuma tura ta baya. In an bar bayan a buɗe, da raga-raga, sautin yakan fito sakayau kamar mutum na zaune a fili, amma hayaniyar waje tana shiga, kuma na kusa da shi yana jin duk abin da yake saurare. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fitar da irin wannan a 1968, da samfurin HD 414, kuma ɗan kas ɗin da ya zo tare da Walkman na Sony a 1979 shi ma bai tare komai ba. In kuwa an rufe bayan da ƙoƙo, kamar yadda aka yi tun kas ɗin farko da Nathaniel Baldwin ya ƙera wa sojojin ruwan Amurka a wajajen 1910, sai a sami sirri da sauƙin hayaniya. Farashin wannan rufi shi ne sautin yakan yi ɗan ƙunci, kamar magana cikin ɗaki ƙarami, kunne kuma ya yi zufa. Ga mai zama a gida shi kaɗai, buɗaɗɗe ya fi daɗi. Ga matafiyi da mai aiki a biro ɗaya da mutum biyar, rufaffe ne abin nema.

Akawun nan ba mai gaggawar sayen kayan waje ba ne. Yana ɗalibi lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, ya kuma ga yadda kuɗin kayan da ake shigowa da su ya yi tsalle cikin ƴan kwanaki, mahaifinsa ya fasa sayen radiyon da ya yi wata shida yana tari dominsa. Tun daga nan ya ɗauki ɗabi'ar auna abu sau uku kafin ya zaro jika ɗaya daga aljihu. Saboda haka ya je wurin wani Alhaji, tsohon amininsa, ɗan kasuwa mai shagon kayan salula da ke saro kaya daga Kano, wani lokacin daga Dubai. Alhajin yana da samfuri biyu a hannu: ƙaramin Sony MDR-ZX110 da Audio-Technica ATH-M40x. Ɗan yayar akawun, wanda ke aikin haɗa sauti a wani gidan radiyo mai zaman kansa, ya ara masa Sony MDR-7506 na ranakun hutu. Wani abokin aiki da ya dawo daga kwas a Turai ya yarda ya ba shi aron AKG K361. Huɗu ke nan, dukansu rufaffu, dukansu ana naɗe su a jefa cikin jaka, kuma ƙarfin salula ya ishe su, domin juriyarsu ga wuta ba ta wuce om 63 ba. Wannan lamba abar dubawa ce a jikin kwali: akwai kas masu om 250, kamar wani nau'i na Beyerdynamic DT 770 Pro, waɗanda aka yi domin injinan ɗakin ɗaukar sauti, salula kuwa da ƙyar take motsa su.

Hanyar gwajinsa mai sauƙi ce, kowa kuma zai iya binta. Ya zaɓi abu uku da kunnensa ya san su kamar yunwar cikinsa: labaran duniya na Hausa da ya ɗauka a salula, wata tsohuwar waƙar Alhaji Mamman Shata domin amon kalangu, da kiɗan gurmin marigayi Mamman Barka domin tsirkiya. Ya riƙa saurarensu a wuri uku: cikin ɗakinsa da dare, a biro lokacin da fanka ke juyawa, da kuma a bakin shagon Alhaji da hantsi, lokacin da kasuwa ke ci. Ya kuma kiyaye wata ƙa'ida da ɗan yayarsa ya koya masa, cewa a daidaita ƙarfin sautin kafin a kwatanta, domin kunne yakan ɗauki wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, ko da ba haka abin yake ba. Da wannan dabarar ce masu talla a bakin tasha suke cin kasuwarsu.

Ƙaramin Sony shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, kuma mafi sauƙi a ka, gram 120 ne kawai. Sai dai yana zama ne bisa kunne, ba ya kewaye shi, saboda haka hayaniya tana samun ƙofar shiga ta gefe. A ɗaki da dare ya wadatar, muryar mai karanta labarai tana fitowa da ɗumi. Amma tsirkiyar gurmi takan fito kamar an lulluɓe ta da zane, a bakin kasuwa kuwa sai hannun akawun ya riƙa kai kansa ga maɓallin ƙara, wato ainihin abin da likita ya hana.

MDR-7506 tsohon hannu ne. Ya fito a 1991, ya gaji MDR-V6 na 1985, kuma masu aikin radiyo da talabijin a ƙasashe da yawa sun daɗe da riƙe shi abokin aiki. Da akawun ya sa shi, nan take ya gane dalili. Magana tana fitowa tangaran, har mutum ya ji numfashin mai karatu da motsin takarda a hannunsa. Bambancin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, wanda ekuter ɗinsa na da yake haɗiyewa, ya tsaya a fili. Amma wannan kaifi da ke taimakon mai neman aibi a cikin sauti yana gajiyar da mai neman hutawa. Tsohon faifan Shata, da ƴar shashshakar kaset ɗin da aka kwafo shi daga ciki, ya riƙa sukar kunne bayan awa guda. Ga shi kuma wayarsa mai murɗe ce, mai nauyi, tana miƙewa har mita 3, kuma ba a cire ta. A teburin aiki alheri ce, a kujerar mota kuwa kaya ce.

M40x na cikin jerin da kamfanin Audio-Technica na Japan ya fitar a 2014, daga M20x zuwa M50x, waɗanda farashinsu a Amurka ya tashi daga wajen dala 50 zuwa wajen 170. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba. Shi wannan na tsakiya wajen dala 100 ne, abin da ya kama jika 55 zuwa 60 kafin a ɗora kuɗin sufuri da na duwan da ribar mai shago. Sautinsa ya zauna tsaka-tsaki: kalangu yana da nauyinsa, murya tana gaba, tsirkiya ba ta sukar kunne. Yana matse kai sosai, abin da ya sa ya fi sauran tare hayaniya a kunnen akawun, ya kuma sa bayan awa biyu sai ya cire shi ya huta. Wayarsa ana cire ta a sa wata.

K361 shi ne ƙaramin yaro a cikinsu, na 2019. An daidaita sautinsa bisa binciken da kamfanin Harman ya yi shekara da shekaru, ƙarƙashin jagorancin Sean Olive, domin gano irin daidaiton sautin da akasarin masu sauraro suka fi so in an ɓoye musu sunan kaya da farashinsa. A ɗaki da dare shi ne ya fi burge akawun: amon ganga yana sauka ƙasa sosai ba tare da ya danne murya ba, matasansa masu laushi ne, nauyinsa gram 219, kuma yana zuwa da gajeriyar waya ta mita 1.2 wadda ta dace da tafiya. Amma a nan ne ya gano wani sirri da ba a rubuta a kwali. Da ya sa tabaraunsa, sai nauyin gangar ya ragu. Da ya ɗora kas ɗin bisa gefen hula, sai ya ƙara raguwa. Dalili shi ne kas rufaffe yana dogara ga matashin ya manne da fata ko'ina. Ƴar kafa kaɗan ta isa ta zubar da amon ƙasa, ta kuma shigo da hayaniya. Mai tabarau da mai hula da mai rawani, kowa ya gwada kas da shigarsa ta kullum, kada ya gwada da kai tsirara sannan ya je gida ya yi mamaki.

Alhaji ya so ya karkata shi ga marasa waya, masu aiki da bulutus, yana cewa: “Malam, duniya ta wuce zamanin igiya. Tun 2016 da Apple suka toshe ramin waya a iPhone 7, wasu ma sun bi sahu.” Gaskiya ne, kuma akwai masu araha da ke kai awa 40 da caji ɗaya. Akwai ma masu na'urar kashe hayaniya, wadda ta fi ƙoƙon roba iya magance rurin inji, domin rufi kaɗai ya fi tare siraran sautuka bisa ga masu kauri. Amma akawun ya auna abu biyu. Pil ɗin da ke cikin irin waɗannan yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, a ƙasar da watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Ranar da ya mutu, sau da yawa kas ɗin ya mutu tare da shi, musamman wanda ba shi da ramin waya na ko-ta-kwana. Na biyu, salularsa tana da ramin milimita 3.5, kamar da yawa daga cikin salulolin da talaka ke riƙewa. Ya ce: “Alhaji, abin da ke jiran kuran kafin ya yi magana, ai ya zama ɗan gomnati kamar ni. Ba ni mai igiya.”

Zafi da ƙura su ne alƙalan ƙarshe na kowane kaya a wannan ƙasa. Matasan kusan duk kas masu araha fatar roba ce, wadda zufa ke ci har ta fara saɓulewa tana barin baƙin gari a kunne da wuyan riga. Ƙurar hunturu kuma tana shiga mahaɗai da ramin waya. Wurin da waya ta haɗu da ƙoƙo da wurin da ta haɗu da fulogi su ne ke fara karyewa. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci a shago ita ce: in matashi ya ƙare ana samun wani, in waya ta tsinke ana canza ta? Alhajin ya tabbatar masa cewa matasan da ke shiga M40x da MDR-7506 kusan girmansu ɗaya, kuma su ne suka fi sauƙin samu a wurin masu saro kaya, saboda yawan masu amfani da su a duniya.

Sai batun jabu, wanda shi ne ramin da ya fi cin mutane. Duk samfurin da ya yi suna sai an kwaikwaye shi, har kwali da tambari. Alhajin, da yake mutum ne mai tsoron Allah a cinikinsa, ya nuna masa alamomi: farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na asali, rubutun da ke gogewa da farce, roba mai sheƙi marar nauyi, kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Ya ce: “Malam, in wani ya ce zai ba ka na jika 60 a jika 8, to, ka sayi kwali ne. Gara ka ɗauki ƙarami na gaskiya da babba na ƙarya.” Araha ba ta ado, inji Hausawa.

Bayan mako uku akawun ya yanke shawara a kan M40x, ya biya cikin wata biyu, ya ƙara da gajeriyar waya da matasai na ajiya. Ya amince cewa K361 ya fi daɗi a kunnensa cikin shiru, MDR-7506 kuma ya fi fito da magana, amma shi abin da ya kai shi kasuwa shi ne ya rage ƙara a cikin mota, ya kuma riƙe kaya shekaru ba tare da ya sake zaro kuɗi ba. Ɗan yayarsa bai ga abin da zai raba shi da nasa ba, domin aikinsa farautar aibi ne. Alhaji kuwa ya ajiye wa kansa ƙaramin Sony, irin wanda ke da makirfo a jikin waya domin amsa kira, bisa hujjar da ta fi ƙarfin duk wani ma'auni: ɗan kasuwar da ba ya jin sallamar mai saye ya kusa rufe shago.

Maganar Alhajin tana da faɗi fiye da shago. A ƙasar da gaisuwa take da nauyin bashi, mutumin da ya rufe kunnuwansa ya yanke kansa daga jama'a, ko bai yi niyya ba. Tsoho zai yi masa sallama ya wuce da ɓacin rai, a kira salla bai ji ba, ɗan kabu-kabu ya danna oda a bayansa yana can cikin kiɗa. Akawun ya sa wa kansa doka: ba ya sa kas a titi, ba ya sa shi a zaure ko a gaban na gaba da shi, a biro kuma kunne ɗaya yake rufewa in ba aiki mai lissafi ya kama shi ba. A mota yakan cire shi duk bayan awa guda ya ba kunne hutu, ya kuma gaisa da maƙwabcin kujera. Kukan gyaren ya ragu ƙwarai, ko da yake likita ya gaya masa cewa ɗan abin da ya riga ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare saura.

Ga ma'aikacin da ke lissafin albashi da ɗan kasuwar da ke lissafin riba, abin ɗauka a nan kaɗan ne. A gwada kas da sautin da aka sani, a wurin da za a yi amfani da shi, da hula da tabarau in ana sa su. A fifita wanda ake jin magana da shi sarai alhali ƙarar tana ƙasa. A tambayi matashi da waya kafin a tambayi launi. A kuma sa ido ga yara, domin su ne suka fi kwana da abin a kunne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro marar kiyayewa. Rigakafi ya fi magani, balle a ciwon da likita da kansa ya ce ba shi da magani. Allah ya kiyaye ji da gani.